Zabura a Bakin Matashi: Nasiha ga 'Ya'yanmu na Kura da Bunkure

'Ya'yana, samari da 'yan mata na ikilisiyoyinmu da ke ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, maganar addu'a ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na san kuna addu'a. Ana jin muryoyinku a sujadar Lahadi, ana jin su a taron matasa da daren addu'a, wannan kuwa abin godiya ne. Sai dai wanda ya kasa kunne da kyau zai ji cewa addu'ar da yawa daga cikinmu ta tsuke, ta koma jerin bukatu: a ba ni, a buɗe mini hanya, a tsare ni, a kunyata maƙiyina. Roƙo ba aibi ba ne, Ubangijinmu da kansa ya ce mu roƙa. Amma rayuwa ta fi roƙo faɗi. Akwai ranar da zunubi zai danne ka, akwai ranar da za ka binne wanda kake ƙauna, akwai ranar da murna za ta cika ka har ka rasa ta cewa. A irin waɗannan ranaku, mai 'yan kalmomi goma da yake juyawa kullum sai bakinsa ya mutu. Ina so in nuna muku inda za ku sami abin faɗa. Ku buɗe Littafi Mai Tsarki wajen tsakiyarsa, za ku faɗa cikin Zabura.

Waƙoƙi 150 ne, an kasa su littattafai biyar. Guda 73 suna ɗauke da sunan Dawuda, makiyayin da ya zama sarki. Akwai na Asaf da na 'ya'yan Kora, mawaƙan Haikali. Biyu suna da sunan Sulemanu, ta 90 kuma tana da sunan Musa. Mafi gajarta ita ce ta 117, aya biyu rak. Mafi tsawo ita ce ta 119, aya 176. An yi ɗaruruwan shekaru ana tara su, daga zamanin sarakunan Isra'ila har bayan dawowa daga bautar Babila. Wata an yi ta a kogo ana gudun mashin Saul, wata a gadon ciwo, wata a kan hanyar zuwa idi a Urushalima. Ban da su kuma akwai waƙoƙi a warwatse cikin Littafin: ta Musa da Maryamu 'yar'uwarsa bayan ƙetare teku, a Fitowa 15, ta Debora, ta Hannatu uwar Sama'ila, littafin Makoki gaba ɗayansa, sai waƙoƙin Maryamu da Zakariya da Saminu a farkon Luka. A doka da annabci Allah ne yake yi wa mutum magana. A nan kuwa shi ne ya sa wa mutum kalmomi a baki, ya ce zo ka yi mini magana da su.

Wani zai ce, ai addu'a daga zuciya take fitowa, don me zan ɗauki kalmomin wanda ya mutu tun shekaru dubbai? Ku dubi gonakinku. Ruwan da ke kwance a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ba zai jiƙa kwami ko ɗaya a Kadawa ba da ba a haƙa masa hanya ba. Babban kanal ya ɗauko shi, ƙanana suka rarraba shi, har ya iso bakin gonarka ka sa bututu ka ja. Ba kai ka haƙa ba, an haƙa tun ba a haife ka ba, amma shinkafar da ta fito taka ce. Haka Zabura take ga zuciya. Tsoro da bege da fushi da godiyar da ke cikinka naka ne, sai dai in babu hanya, ko su kwanta wuri ɗaya su lalace, ko su ɓalle su yi ɓarna. Waɗanda suka riga mu sun haƙa hanyar, kuma har gaban Allah take kaiwa.

Wannan littafi ba baƙo ba ne a hannun manomi. Mutanen da suka tsara shi sun san fari, sun san fara, sun san zuba wa sama ido. Zabura ta 65 waƙar damina ce, tana yabon Allah a kan ruwan da ya jiƙa kunya ya tausasa ƙasa har kwari ya lulluɓe da hatsi. Ku karanta ta ranar bikin godiyar kaka ku ji yadda ta dace. Ta 104 tana bin ruwa tun daga maɓuɓɓuga har zuwa ciyawar dabba da abincin mutum, har ta ambaci ma'aikacin da ya fita aiki sai yamma. Ta 126 ta haɗa hawayen ranar shuka da farin cikin ranar ɗaukar dami, kuma duk wanda ya taɓa zuba iri da kuɗin bashi ya san abin da take nufi. Ta 127 tana jan kunnen mai fita tun asuba ya dawo da dare, yana zaton guminsa kaɗai ne ke riƙe da gida. Ta 121 ta matafiyi ce. Ku da kuke bin motar tumatur zuwa Legas, ku riƙe ta a ka kafin ku hau.

Amma inda na fi so ku tsaya shi ne wajen kuka. Waɗanda suka yi wayo a 2016 ba su manta da shekarar sharon ba, tsutsar da ta shiga tumatur ta bar gonaki tsirara cikin kwanaki kaɗan. Kun kuma san ɗaya fuskar: shekarar da kaya ya yi kyau ga kowa, a cika Kwanar Gafan da kwanduna, farashi ya faɗi har kuɗin kwando ya kasa biyan ɗauko shi. Kun san jan-baki idan ya sauka a shinkafa ana saura ƙiris a yanke. Kun san kacala idan ta toshe kanal, na ƙarshen layi ya kwana yana jiran ruwan da ba zai zo ba, ga mai taki yana jiran kuɗinsa. A ranar nan, me Kirista zai ce wa Allah? An koya wa da yawa cewa nuna damuwa rashin bangaskiya ne, sai mutum ya riƙa cewa an gode Allah a baki, zuciya kuwa tana ƙuna. Zabura ba ta yarda da wannan ɓoye-ɓoye ba. A cikin ire-iren waƙoƙinta, waƙoƙin kuka ne suka fi yawa. Ta 13 tana tuhumar jinkirin Allah sau huɗu a jere. A ta 73 Asaf ya faɗi fili cewa hassadar mugayen da ke cikin daula ta kusa kayar da shi. Ta 88 kuwa ta fara da duhu ta ƙare da duhu, ba a share mata hawaye ba, duk da haka Allah ya bar ta cikin Littafinsa domin wanda ranarsa ta zama haka.

Ku rarrabe tsakanin gunaguni da kuka. Mai gunaguni yana ƙarar Allah a wurin mutane, ya juya masa baya. Mai kuka yana kai ƙarar a gaban Allah da kansa, don ya tabbata akwai mai ji. Ku kuma lura da yadda yawancin waƙoƙin nan suke tafiya, domin darasi ne na addu'a. Mawaƙin yakan fara da kiran Allah, sai ya zayyana abin da ke damunsa ba ragi, sai ya roƙi abu takamaimai, sai ya tuna abin da Allah ya taɓa yi masa ko ya yi wa kakanninsa, daga nan ya tsaya a kan dogara. Sau da yawa ba abin da ya sauya a waje tsakanin ayar farko da ta ƙarshe, mutumin ne ya sauya. Annabi Habakuk ya bi wannan hanya a sura ta 3 ta littafinsa: ya lissafa itatuwan da ba su ba da 'ya'ya ba, da gonakin da suka ƙi, da garken da ya ƙare, sa'an nan ya yanke shawarar yin murna da Allah duk da haka. Wannan waƙa ta manomin da ya yi asara ce, kuma ta fi kowace lallashi ƙarfi.

Haka nan wajen tuba. Ƙuruciya tana da nata ramuka, kun san su fiye da ni: ƙwaya da ake sha wai don ƙarfin aiki, cacar da ta shigo ta waya, algus a buhu, karkatar da ruwan maƙwabci da tsakar dare, da abin da ke faruwa tsakanin saurayi da budurwa a ɓoye. Wanda ya faɗa yakan guje wa addu'a don kunya, sai nisa ya ƙaru. Zabura ta 51 an rubuta ta ne bayan annabi Natan ya tunkari Dawuda a kan matar Uriya da jinin Uriya. Sarki ne, yana da ikon rufe bakin annabin, amma ya durƙusa. Ku karanta ta ku gani: babu uzuri a cikinta, babu ɗora wa wani laifi, abin da yake nema shi ne a wanke shi a sabunta masa zuciya. Ta 32 kuma tana ba da labarin yadda ɓoye zunubi yake cin jiki, da sauƙin da ke zuwa bayan furtawa. In kunya ta ɗaure maka harshe, ɗauki kalmomin Dawuda ka shiga da su.

Babban dalilin da ya sa Kirista ba zai yi sakaci da Zabura ba shi ne, littafin addu'ar Yesu ne. Da ita ya tashi. A daren da aka bashe shi, Matiyu da Markus sun ce shi da almajiransa sun yi waƙa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun, kuma al'adar Idin Ƙetarewa ita ce a rera daga Zabura ta 113 zuwa ta 118. A kan gicciye, lokacin da azaba ta kai maƙura, kalmomin Zabura ta 22 da ta 31 ne suka fito daga bakinsa. Bayan tashinsa, a Luka 24, ya nuna wa almajirai cewa Zabura tana maganarsa. Ku 'yan mata, ku ajiye waƙar Maryamu a Luka 1 kusa da ta Hannatu a 1 Sama'ila 2, za ku ga budurwar Nazarat ta sha tsofaffin waƙoƙi har suka zama nata, ranar da babban labari ya same ta ba ta rasa abin cewa ba. Bulus da Sila, da bulala a bayansu da turu a ƙafafunsu a kurkukun Filibi, waƙa suka yi da tsakar dare. Ba a koyon waƙa a irin wannan dare. Wadda ke ka ita ke fitowa.

Kada kuma wani ya ce muku wannan al'adar Turawa ce. Nahiyarmu ta riga su da yawa. Atanasiyus, bishop na Iskandariya a Masar, wanda ya rasu a 373, ya rubuta doguwar wasiƙa yana koya wa wani mai suna Marsilinus wace zabura ta dace da wane hali. Agustin na Hippo, a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya shafe shekaru yana wa'azi a kan Zabura ɗaya bayan ɗaya. Da ajalinsa ya gabato a 430, mayaƙa sun kewaye garin, ya sa aka rubuta masa zaburorin tuba aka manna a bango kusa da gadonsa, yana karantawa yana hawaye. A Habasha har yau Zabura ce yaro yake ƙoƙarin ƙwarewa a kanta a makarantar ikilisiya. Littafin Addu'a na Angilikan, tun 1549, ya tsara a sauke Zabura duka a kowane wata, safe da yamma.

Mu ma ba a banza ta zo hannunmu da Hausa ba. Wani ɗan mishan mai suna Schön ya fitar da Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, bayan ya zauna da Dorugu, yaron Hausa daga ƙasar Damagaram da aka kai Ingila. Likita Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905 kafin aikin mishan ya koma Wusasa, shi da abokan aikinsa Hausawa da Turawa sun yi shekaru suna fassara kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, sabuwar fassara kuma ta biyo baya a 1979. Iyayenmu da suka fito daga Maguzanci a ƙauyukan kudancin Kano, da yawansu saboda wannan Littafi suka koyi karatu da girmansu. Ku kuma dubi maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke raba ruwa da kasuwa da su. Sun san sunan Zabura, Alƙur'ani ya ambace ta a matsayin littafin da aka ba Annabi Dawuda. 'Ya'yansu suna tashi tun duhun asuba suna tilawa da hadda. Himmarsu abin girmamawa ce, kuma tana tambayarmu: mu da muke riƙe da Zabura da harshenmu, nawa muka haddace?

To, yaya za a fara? Da kaɗan, amma kullum. Zabura ɗaya da safe, ɗaya da dare, cikin wata biyu da rabi ka sauke. In ka iso ta 119, ka bi ta kashi-kashi, gida 22 gare ta, kowanne aya takwas. Mai iya biyar a rana, wata ɗaya ya ishe shi. Ka bi su a jere, kada ka riƙa tsintar masu daɗi kawai. In ka tarar da ta kuka ranar da kake cikin farin ciki, ka yi ta a madadin wani: gwauruwar da ke kusa da ku, ko wanda ke kwance asibiti, ko 'yan'uwan da rikici ya raba da gidajensu. Ka karanta da murya, domin waƙa ce, kunne aka yi wa ita. Ka duba ɗan bayanin da ke samanta, sau da yawa yana gaya maka halin da aka yi ta. Inda aya ta taɓa ka, dakata, maimaita ta, sa'an nan ka mayar da ita addu'a da naka kalmomi, ka ambaci gonar da sunanta, ka ambaci bashin da adadinsa. A hadda ku fara da ta 1, ta 23, ta 51, ta 103 da ta 121. Wayar da ke aljihunku tana iya ɗaukar Littafi Mai Tsarki na Hausa, na karantawa da na saurare, kuma daren jiran ruwa yana da tsawo.

Kada ta tsaya a tsakaninka da kanka. A sujadar iyali, uba ya ɗauki aya, yara su amsa da ta gaba. Ayoyin Zabura yawanci gida biyu ne, na biyu yana amsa na farko, wanda ya yi daidai da tsarin jagora da 'yan amshi da muka gada. Ta 136 ma amshi ɗaya ne yake dawowa a ayoyinta 26 duka. Iyayenku na Zumuntar Mata sun daɗe da nuna hanya: sun ɗauki maganar Allah sun sa mata karin gida, da ganga da tulu, har tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta haddace. Ku 'yan ƙungiyar mawaƙa, ba laifi ku koyi waƙar Legas ko ta Amurka, amma kada ta zama ita kaɗai ce a bakinku. Ku zauna da Zabura ta 65 ko ta 103, ku sa mata karin da ƙannenku za su rera suna korar tsuntsu a gona.

Sai gargaɗi biyu. Na farko, Zabura ba laya ba ce. Akwai masu buɗe Littafi a ta 91 su tura ƙarƙashin matashin kai, ko su karanta wata sau kaza a kan ruwa ko mai, suna zaton ƙarfin yana cikin ƙidayar. Ku tuna, Shaiɗan ma da Zabura ta 91 ya jarrabi Ubangiji a Matiyu 4, yana so ya mai da alkawarin Allah abin gwaji, Yesu kuwa ya ƙi. Iyayenmu sun bar tsafi da wahala, wasu har da rasa dangi. Kada mu komo da shi ta bayan gida da rigar Littafi. Mai tsaro Allah ne, ba takarda ba.

Na biyu, zaburorin fushi, irin su ta 35, ta 109 da ta 137. Waɗanda aka zalunta da gaske ne suka yi su, an ƙone garinsu, an yi musu shaidar zur. Ba a ba mu su don mu riƙa jifan matar uba ko abokin kasuwa ba. Abin da suke koyarwa shi ne, mai fushi ya kai fushinsa gaban Alƙali, ya saki ramuwa daga hannunsa. Dawudan da sunansa ke kan ta 35 da ta 109, sau biyu Saul yana faɗawa hannunsa yana ƙyale shi. Ranar da shanu suka shiga gonarka, ko aka danne maka ruwa, ko aka wulaƙanta ka saboda bangaskiyarka, faɗa wa Allah zafin duka yadda yake, ka nemi haƙƙinka ta hanyar mai unguwa da hukuma, adda kuma ta tsaya a aikinta na gona. Mu mabiyan wanda ya roƙa wa masu gicciye shi gafara ne, kuma a ƙarƙashin gicciyensa muke karanta waɗannan ayoyi.

'Ya'yana, ƙwaƙwalwarku tana da ɗanyen ƙarfi yanzu, abin da kuka zuba mata zai zauna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku fara yau da Zabura ta 1, kada ku jira sabuwar shekara. Kowa ya nemi aboki ɗaya da za su riƙa yi wa juna tishi, kowa ya kama ƙane ko ƙanwa ya koya masa abin da ya haddace. Fastoci da dattawa kuma ina roƙonku, kada Lahadi ta wuce ba a karanta zabura guda cikakkiya da jama'a ba. Allah ya sa albarka a gonakinku da karatunku, ya ba ku zaman lafiya da maƙwabtanku, ya sa maganarsa ta zauna a bakinku da na 'ya'yanku. Amin.